Daɓen da Zai Ɗauki Auta

Shekara talatin da ɗaya Baba Sannu yana tuƙi, bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba. Rola yake tuƙawa, motar nan mai ƙatuwar gangar ƙarfe a gaba da ake danne ƙasa da ita, ita kuwa rola ba ta san sauri ba. In ya tashe ta da safe, kaza ma tana iya gitta gabansa ta je ta dawo. Tun yana matashi abokan aiki suka laƙaba masa Sannu-Sannu. Da gemu ya yi furfura sai suka rage tsawon sunan suka ƙara masa girma, ya koma Baba Sannu. Shi ko a jikinsa. In an tsokane shi cewa yake duk masu gudun nan kowa da tabon karo a motarsa, shi kuwa ko ɗan akuya bai taɓa bugewa ba.

Aikinsa sai an yi bayani, don ba kowa ya san da shi ba. Inda ƙasa ba ta da ƙarfin ɗaukar dogon bene, sai an fara kafa turakun kankare can cikin ƙasa kafin a ɗora gini a kansu. Injin da ke haƙa ramukan turakun nan ƙato ne mai tafiya a kan sarƙa, nauyinsa ya kai tan tamanin, wuyansa kuma ya yi tsawon bene hawa bakwai. Ma'aikata Raƙumin Dawa suke ce masa. Duk girman nan nasa, rago ne a ƙafa. In sarƙarsa ɗaya ta nutse ko da zurfin tafin hannu ne, can sama wuyan zai karkata sosai, in kuwa ya fara karkata babu mai tare shi. Shi ya sa kafin ya shigo fili sai an yi masa wurin tsayawa. A kwashe ƙasar sama, a shimfiɗa wani baƙin ƙyalle mai kama da buhu, tifa ta zuba fasasshen dutse, katafila ta baje, rola ta danne, a sake zubawa a sake dannewa har hawa uku. Injiniyoyi suna da sunan da suke kiransa a takarda, amma a bakin Baba Sannu daɓe ne kawai.

Abin haushin shi ne, in an gama kafa turaku kwashe daɓen ake yi a zubar. Matarsa, tela ce mai keken ɗinki a falo da baki kamar reza, ba ta taɓa barin wannan magana ta huce ba. In suna cikin mota suka wuce wani bene ya nuna mata ya ce, “Kin ga wancan? Ni na fara shi,” sai ta leƙa ta taga ta ce, “Ina? Nuna mini wurin da hannunka ya taɓa, Malam.”

“An kwashe.”

“To Allah Ya ba da lada. Ni dai in na ɗinka riga ana ganinta a jikin mutum.”

Sai ya yi murmushi ya gyara hula. Shekara talatin da biyar suna wannan, kuma in ta kwana biyu ba ta tsokane shi ba tambayarta yake ko ba ta da lafiya.

Da shebur ya fara, yana baje dutse a bayan tifa. A shekararsa ta biyu ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. Wani Raƙumin Dawa ya taka inda aka taɓa haƙa ramin bututu aka mayar da ƙasa ba a danne ba, ya sunkuya a hankali kamar mai gaisuwa, ya kwanta a kan katangar fili. Direban ya fita da rai, amma da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Tun daga ranar Baba Sannu ya daina yarda da ƙasa don ta yi kyau a ido. Da ya hau rola ya riƙe ƙa'idar da tsohon da ya koya masa ya bar masa: kowane hawa na dutse kada kaurinsa ya wuce inci takwas, kuma rola ta bi ta kansa sau takwas. Sababbin direbobi sun sha wannan karatu har sun gaji. Wanda ya yi bakwai ya tsere, Baba Sannu zai mayar da shi. Wanda ya wuce takwas don neman suna, zai tsayar da shi ya ce dutse ma yana da haƙuri iyaka, in ka matsa masa ya farfashe, in kuma ƙasan jiƙaƙƙe ne ka jawo ruwa sama. A duk tsawon aikinsa ba a taɓa gwada daɓensa aka ce a sake ba, kuma ya san da haka, yana kuma so a sani.

'Ya'yansa biyar. Huɗu sun kama hanyoyin da babu ƙura: malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, mai gyaran waya, da mai shagon littattafai. Auta ce ta fita daban. Ita tun daga haihuwa ba ta gaji ubanta ba, don wata bakwai ta yi a ciki ta ce ta gaji da jira. Da aka miƙo masa ita a asibiti, tafin hannunsa ɗaya ya kusa ɗauke ta. Wata uku bai yarda an kwantar da ita a kan zane ɗaya ba, sai ya ninka bargo uku ya danna da hannu ya ji babu tauri. Yarinyar nan ta tashi ta fi kowa ƙarfi a gidan, ta fi kowa taurin kai, da ta gama makaranta kuma ta ce ita manyan injuna za ta koya. Uwar ta yi faɗa ta gaji. Uban ya ce to ta zo ya koya mata rola.

“Baba, ni in hau abin da kaza ke wucewa?” in ji ta.

Raƙumin Dawa ta zaɓa. Shekara uku tana ƙarƙashin wani direba, tana shafa giris, tana duba wayoyin ƙarfe, tana zama a gefensa tana kallon hannunsa. Ran da ta dawo gida da takardar shaidar tuƙi, kafin magariba, ta ajiye ta a kan keken ɗinkin uwarta ta ce an ba ta injin nata na kanta, kuma a filin da Baba yake za ta fara. Uwar ta rungume ta, ta yi kuka, ta yi dariya, ta kira sauran yaran a waya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juyo ta dubi mijinta da ya yi tsuru-tsuru a kujera, baki har kunne amma ido ya kaɗa.

“Malam, ka dai ji. Ƙasar da za ta ɗauki 'yata kai za ka daɓe.”

“Na ji, Maman Auta.”

“Wannan karon zan tambayi inda hannunka ya taɓa, kuma ba wasa nake ba.”

Filin a gangaren gari yake, ƙasarsa yumɓu ce mai riƙe ruwa, kusurwar gabas kuma ta fi ko'ina ƙasa. A nan ne aka zana ramin turke na farko. Kwana tara Baba Sannu yana kai da komo a kan rola, yana waƙa ƙasa-ƙasa, babu mai jin me yake cewa saboda ƙarar inji. Duk tifar da ta shigo sai ya sauka ya ɗebi dutsen a hannu ya duba ko da laka a ciki. Ya bi gefen filin da sandar rodi yana caka ƙasa, yana neman tsohon rami ko rijiyar da aka binne. Ya sa aka kafa jajayen tutoci a iyakar daɓen don kada injin ya kusanci baki. Amininsa Mai Tanka, wanda ke yayyafa ruwa a kan dutsen kafin a danne, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an yi wa ƙasa kwalliya irin wannan ba, saura kawai a fesa mata turare.

Ranar Asabar Injiniya ya zo gwaji. Mutum ne siriri mai tabarau, maganarsa ba ta da yawa. Aka ajiye faifan ƙarfe a kan daɓen, aka danna shi da jak a ƙarƙashin motar haƙa, ana kallon allurar agogon awo ko zai nutse. Wuri shida aka gwada, har da kusurwar gabas. Injiniya ya rubuta, ya sa hannu, ya ce, “Baba, kamar kullum.” Baba Sannu ya tafi gida yana taku kamar wanda aka yi wa sarauta.

Ranar Lahadi aka wuni ana ruwa.

Litinin da safe Baba Sannu ne na biyu a fili, bayan mai gadi. Daɓen ya yi abin da aka gina shi ya yi: ruwan ya gangare ta magudana, saman ya bushe, ko kududdufi ɗaya babu. Da wani ne zai hau injin, da Baba Sannu ya taka wurin sau ɗaya ya je ya nemi shayinsa. Amma ga Raƙumin Dawa can a bakin ƙofa, an haɗa shi an miƙar da wuyansa sama, kuma ƙarfe goma Auta za ta shiga cikinsa. Ya tsaya a kusurwar gabas ya dubi turken katakon da aka kafa alamar rami na farko. Ya ce a ransa bari dai ya ɗan ƙara mata sau biyu, don ruwan jiya. Ya tashi rola, ya kunna jijjigar ganga, ya bi sau biyu. Da ya juyo sai ya ga kamar gefen hagu bai samu ba, ya ƙara biyu. Daga nan lissafi ya ɓace masa. Gabansa yana kallo amma ba dutse yake gani ba, jaririyar nan yake gani da tafin hannunsa ya kusa ɗauke ta.

Mai Tanka ya iso ya zauna a kan matakin motarsa da burodi da kofin shayi. Ya ɗaga hannu, Baba Sannu bai gani ba. Ya yi kira, ƙarar inji ta cinye. Sai ya ci gaba da cin burodinsa yana ƙirgawa, don a ganinsa mai shekara talatin da ɗaya a kan rola ya san abin da yake yi.

A ƙugunsa Baba Sannu ya fara ji. Kujerar da ke dukansa da ƙarfi in ƙasa ta yi tauri sai ta koma lilo mai laushi. Ya kashe jijjiga, ya tsayar da rola, ya sauko. Saman daɓen ya yi sumul yana sheƙi, ya fi ko'ina kyau a filin. Amma sheƙin nan na danshi ne. Ya taka da ƙafa ɗaya ya danna, ƙasar ta lotsa ta dawo kamar katifa, can gaba kuma taku biyu ta ɗan motsa. Yumɓun ƙasan ya sha ruwan jiya, jijjiga ta kaɗa shi har ya zama kunu, ta jawo ruwan cikin dutsen. Abin da ya shekara da shekaru yana hana yara yi, shi ya yi da hannunsa, kuma a daidai inda 'yarsa za ta tsaya.

Wani tunani ya gitta masa, don shi ma mutum ne. An riga an gwada, an sa hannu, rana tana fitowa, nan da sa'a biyu saman zai bushe babu mai ganewa. Tunanin bai kai numfashi biyu ba ya tofar da shi, har ya ji kunyar zuwan da ya yi masa. Ya je ya tumɓuke jajayen tutoci huɗu daga iyaka, ya dawo ya kewaye kusurwar da su. Sannan ya nufi kwantenar da Injiniya ke zama, ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji.

“Injiniya, takardar nan ta Asabar, a soke kusurwar gabas.”

Injiniya ya ɗago. “Ruwan jiya ne, Baba?”

“Ba ruwa ba ne. Ni ne.”

Suka fito tare. Kafin su isa labari ya riga su, ma'aikata sun taru a bayan tutoci. Injiniya ya taka wurin, ya yi tsalle ɗaya, ya cire tabarau ya goge. Ya ce, “Sau nawa ka bi?”

Baba Sannu ya ce bai ƙirga ba.

“Ni na ƙirga,” in ji Mai Tanka, baki cike da burodi. “Ashirin da uku. Ban da waɗanda ya yi kafin in zo.”

Direban katafila, wanda Baba Sannu ya taɓa tsayarwa a gaban jama'a saboda ya yi goma, shi ya fara dariya. Ya riƙe ciki ya durƙusa. Daga nan fili ya ɗauka. Wani ya ce a kawo allo Baba ya sake yi musu karatun takwas. Wani ya ce ai laifin rola ne, yau ta samu sauri. Shi kansa Injiniya da ba a cika ganin haƙoransa ba ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Da ya nutsu ya ce, “Baba, da ka yi shiru, ni ban da dalilin sake gwada wurin nan. Na gode.” Ya ba da umarni a kwashe kusurwar har yumɓun da ya lalace, a zuba sabon dutse. Kwana biyu aikin zai ci.

A nan Auta ta iso, da sababbin takalman aiki da rigar da uwarta ta rage mata hannu. Aka buɗe mata hanya. Ta dubi tutocin, ta dubi injinta, ta shiga ta taka wurin. Da ta ji ƙasa ta lotsa a ƙarƙashinta fuskarta ta canza, don ta fi kowa sanin abin da tan tamanin zai yi a nan. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Baba Sannu ya tsaya gefe da hula a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ɓata mata ranarta ta farko a gaban mutanen da za ta yi aiki da su.

“An ce ashirin da uku, Baba?”

“Haka Mai Tanka ya ce. Kin san shi da ƙari.”

Ta yi ƙoƙarin riƙe dariyar, ta kasa. Ta yi ta yi har hawaye suka zubo, kuma daga baya ba a iya cewa na dariya ba ne kaɗai. Ta ja shi gefe inda ba a ji.

“Tsoro kake ji?”

“Tun ranar da aka haife ki,” in ji shi.

Ta karɓi hular daga hannunsa ta ɗora masa a kai, ta ɗaure masa igiyar a haɓa. “To ni ban ce ka yi mini na musamman ba. Takwas ɗin da kake yi wa 'ya'yan mutane, shi nake so. Shekara nawa suna hawa suna sauka lafiya?”

Da yamma a gida ya shirya wa abin da zai sha a bakin matarsa, don Auta ta riga ta tsegunta mata a waya. Ya tarar da ita a kan keke. Ba ta ɗago ba ta ce, “Sannu da zuwa, Malam Ashirin da Uku.” Sai ta tashi ta kawo masa ruwa da kanta, ta zauna kusa da shi, ta ce da ita ce a kan rolar nan da ta yi hamsin.

Kwana biyun nan ya yi su kamar sabon ɗan koyo. Aka kwashe, aka shimfiɗa sabon ƙyalle, aka zuba dutse. Hawa na farko ya bi shi ba jijjiga, don kada ya sake tsokano yumɓun. Mai Tanka ya naɗa kansa alƙali, ya tsaya a gefe yana ɗaga yatsu, duk lokacin da rola ta kai takwas sai ma'aikata su haɗa baki su yi ihu, “Ya isa, Baba!” Shi kuma ya ɗaga musu hannu ya kauce. Ranar Laraba Injiniya ya dawo da faifansa, ya gwada kusurwar wuri uku maimakon ɗaya. Allurar ta ɗan motsa ta tsaya cak.

Ƙarfe sha ɗaya Auta ta hau. Injin ya yi gurnani, mai ba da hannu ya shiga gaba da tutarsa yana ja da baya, Raƙumin Dawa ya fara takowa, sarƙa tana cin dutse ƙaras-ƙaras. Baba Sannu ya tsaya a bayan tutoci inda doka ta ce a tsaya, ya tsuguna har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya kafa ido a gindin sarƙar. Ba ya kallon wuyan, ba ya kallon 'yarsa. Ta wuce tsakiyar fili. Ta shiga kusurwar gabas. Sarƙar hagu ta hau sabon daɓen, ta dama ta biyo, nauyin duka ya zauna. Dutsen ya ɗauki zanen sarƙa a samansa, bai ba da ko kaurin yatsa ba. Ta juya injin a hankali ta daidaita bakin haƙar a kan alama, wuyan yana tsaye sak.

Ta buɗe tagar ta leƙo. “Baba! Daram!”

Ya ɗaga hannu biyu sama kawai.

Ta rufe tagar, ta saukar da bakin haƙar. Ƙarfen ya fara juyawa, ya ciji daɓen, ya shiga watso dutsen da aka zaɓa tifa-tifa aka danne hawa-hawa, yana zubar da shi gefe haɗe da laka. Mai Tanka ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Kai mutumina, duk wahalar nan, dubi yadda take yi maka da shi.”

Baba Sannu ya miƙe, hawaye yana bin furfurar gemunsa, yana dariya kamar yaro. Ya haɗa tafukansa a baki ya ɗaga muryar da ba a taɓa jin ya yi ba a fili.

“Huda shi, Auta! Huda shi, naki ne!”